Ƙetare mayo da mota a damina, da hanyar da mutanen gari suka rufe: ina neman shawara

Ɗan Kasuwar Pitowa ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina zaune a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma sana'ata ita ce sayen masara da gyaɗa a kasuwannin ƙauye, daga Pitowa zuwa Bibemi, wani lokaci har ɓangaren Lagdo da Rai Buba. A bana Allah ya hore mini tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu, sai na tarar da wata matsala da ba a ganinta daga kujerar fasinja. A wani ƙauye da ke gabas da Binuwai, mutanen gari sun toshe hanyar da ke gangarawa mashigin mayo, wato rafi ko kogi, da kututture da ƙaya, suka ce motoci sun rushe musu gaɓa, sun kuma ci gefen gonaki, don haka duk mai mota sai ya zagaya ta babbar hanya, zagayen da ke cin rabin yini da mai mai yawa. Ban ga laifinsu ba, domin inda a da sawu ɗaya ne, yanzu sawaye ne barkatai, kowanne da ramin da ya haƙa.

Tambayata kashi biyu ce. Mene ne ingantaccen tsarin ƙetare mayo da wuraren taɓo, wanda zai tsare motar mutum kuma ba zai ɓata wurin ba? Sannan idan an riga an rufe hanya irin wannan, ta wace ƙofa ake bi a nemi a buɗe ta, kuma wane nauyi ya kamata mu masu motoci mu ɗauka domin kada a sake rufewa? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Tsohon Direban Auduga ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina jan motar auduga a hanyoyin karkarar da kamfanin Sodecoton ke gyarawa domin kwashe amfani, daga Gidar har Tuboro, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne mutanen ƙauyen nan suna da gaskiya. Hanyar daji ba mallakar direba ba ce. Yawancinta ta ratsa ne ta gonakin mutane da burtalin shanu, an bar ta a buɗe bisa yardar masu ƙasa, kuma duk ranar da ɓarnarta ta fi amfaninta a gare su, za su rufe ta.

Ɓarnar tana farawa ne daga abin da direba ke ɗauka dabara ce. Ya iso wurin taɓo, ya ji tsoron tsakiya, sai ya kauce ya taka ciyawar gefe. Na bayansa ya ga sabon sawu ya bi, idan nan ma ya caɓe sai na uku ya ƙara matsawa, kafin damina ta fita hanyar da faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba ta zama fili. Ciyawar da aka tattake kuwa ita ce ke riƙe ƙasa, musamman jema da gamba da saiwoyin giyayya da ɓaure a bakin mayo. Da zarar ta mutu, ruwan sama yakan sami sawun taya ya mai da shi magudana, ya bi shi da gudu zuwa gangare yana ƙara masa zurfi a kowane ruwa, har ya zama kwazazzabo mai cin gona ta baya. Ka kuma tuna cewa Garwa na samun ruwa kusan milimita 1000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, Agusta da Satumba a kan gaba, kuma sau da yawa kamar da bakin ƙwarya yake zuba. Sawun da mota ta bari a Yuli yana iya zama ramin da jaki ba zai ƙetare ba a Oktoba.

Game da ƙetarewa, ka bi mashigin da kowa ya sani, domin ba a banza aka zaɓe shi ba: galibi gindinsa tsakuwa ne ko dutse ko yashi mai tauri, gaɓarsa kuma a kwance take. Inda aka shimfiɗa siminti a gindin mayo, wanda muke kira radiye, ka riƙe tsakiyarsa, saboda ruwa kan ƙwaƙule ƙasar gefen da yake zubowa ya bar rami a ɓoye. Ka haɗa ƙafa huɗu ka sa ƙaramar giya tun kana kan tudu, ka shiga a hankali, ka miƙe kai tsaye zuwa ɗaya gaɓar da gudu iri ɗaya, ba tare da canza giya a tsakiyar ruwa ba. Kada ka mai da cikin mayo titi don ka ga yashi shimfiɗe, ko da da rani ne. Wajen fita ne aka fi rushe gaɓa, lokacin da direba ke taka totur da ƙarfi tayoyi suna juyawa wuri ɗaya suna watsa ƙasa. Idan ka ji taya ta fara juyawa a banza, ka ɗage ƙafarka nan take, ka ja baya a kan sawunka, ka rage kaya ko ka jera duwatsu, sannan ka sake gwadawa a wuri guda ɗin, kada ka je ka fasa sabuwar mafita.

Abu na ƙarshe daga gare ni shi ne jira. Mayo Luti daga duwatsun Mandara yake saukowa, kana iya ganin sama garau a Gidar alhali ruwa ya riga ya sauka a kan dutse yana tafe. Idan ruwan mashigi ya koma ja, yana ɗauke da karare da kumfa, ka kafa sanda a bakinsa ka zauna ka lura, in yana hawa kada ka shiga, domin irin wannan ambaliya takan janye cikin 'yan sa'o'i. Dokar kare hanyoyi ta Kamaru ta tanadi shingen damina a hanyoyin ƙasa, wanda ake rufe wa manyan motoci idan an yi ruwa har hanya ta tsane. Ko motarka ba ta cikin waɗanda shingen ke tsayarwa, dalilin da ya sa aka kafa shi ya shafe ka, musamman in ka lafta mata buhuna.

Bakaniken Marwa ya amsa:

Baba Direba ya gama magana a kan gaɓa, ni zan ƙara a kan mota, Malam, domin abin da ke kashe inji a mayo da abin da ke ɓata mayo kusan abu ɗaya ne, wato gaggawa. Mai shiga ruwa da gudu yana tura igiyar ruwa a gabansa, ita ce ke dukan gaɓa tana zaftare ta, ita ce kuma ke hawa har bakin da inji ke shaƙar iska. Ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke matsuwa, saboda haka kaɗan daga cikinsa in ya shiga inji ya isa ya lanƙwasa ƙarafan ciki, injin gazuwal, wato dizal, kuma ya fi saurin mutuwa da wannan ciwo. Ka buɗe gaban motarka tun a gida ka ga inda bakin iskar yake. Idan mota ta mutu a tsakiyar ruwa, kada ka sake tayar da ita, a jawo ta waje a duba matatar iska tukuna.

Zurfin ruwa mai gudu shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Ruwa mai tsayin santimita 30 in yana gudu yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuma yana iya tafiya da irin taka. Mu a Marwa mun ga yadda Mayo Kaliyawo ya karya gadar Palar a daminar 2020, wadda ke kan babbar hanyar Mora da Kusiri, balle motar da ke tsaye a kan taya huɗu. Ka sa yaron motarka ya taka mashigin da sanda kafin ka shiga, in ruwan ya wuce gwiwarsa ko yana neman kayar da shi, to ba ranar ƙetarewa ba ce. Amma a manyan ruwaye irin Binuwai da Faro, inda ake da dorina da kada, ba a tura yaro, mutanen wurin ake tambaya.

Akwai kuma batun mai, wanda ni ya fi damuna. Tsofaffin motocinmu da yawa suna ɗigar baƙin mai da man giya da man birki, ruwan mayo kuma yana wanke cikin mota tas, ya tafi da shi wurin da mutane da dabbobi ke sha. Kafin damina ka sa a toshe duk inda ke yoyo. Kada ka juye baƙin mai a kan yashi, kada kuma ka wanke mota a cikin mayo, ka ɗebi ruwa a bokiti ka hau tudu nesa da gaɓa. Bayan ka fito daga ruwa ka riƙa taka birki a hankali kana tafiya har ya bushe, in kuma ruwan ya yi zurfi, ka duba man akwatin haƙoran ƙafafun gaba da na baya, domin ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa, za ka ga man ya koma fari-fari. A kan yashi mai laushi, rage iskar taya kaɗan yana sa mota ta wuce ba tare da ta haƙa rami ba, da sharaɗin kana da famfon da za ka mayar da iskar idan ka hau hanya mai tauri.

Hajiya Mai Albasa ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba direba ba ce, amma gidanmu manoma ne, muna da lambun albasa a bakin Mayo Tsanaga da gonar masakwa, wato dawar rani, a ƙasar laka da muke kira karal, don haka ina magana ne daga ɓangaren waɗanda ke sa ƙaya a hanya. Ƙanena mai tambaya, ina so ka san cewa ba a rufe hanya da wasa, domin mu ma ta nan muke kai mara lafiya asibiti, ta nan kuma masu sayen kayanmu ke zuwa. Idan ka ga gari ya toshe mashiginsa, to an daɗe ana haƙuri.

Masu motoci suna ganin mayo da rani busasshen yashi ne kawai, alhali ruwan garin yana kwance a ƙarƙashin wannan yashin. Mata na haƙa ƙananan rijiyoyi a cikinsa su ɗebi na sha da na girki, makiyaya na shayar da shanu, masu lambu na kafa injin ban ruwa su ja bututu zuwa gona. Mota ɗaya da ta bar mashigi ta bi tsawon mayo tana iya rufta rijiyoyi da yawa, ta fasa bututu, ta bar ɗigon mai a wurin da yara za su zo ɗiban ruwa da safe. Haka nan ƙasar karal, wadda da rani take tsattsagewa ta yi tauri har direba ya ga ya sami gajeriyar hanya. Manoma suna ɗaga ƙananan kunyoyi a kanta domin su tare ruwan damina ya nutse, da wannan danshin ne masakwar da ake dasawa a Satumba da Oktoba ke rayuwa har girbi a Janairu ko Fabrairu, ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Taya in ta yanke kunya ruwa ya tsere, in kuma ta danne ƙasar tana jiƙe, wurin yakan daskare ya ƙi shan ruwa. Direba ya wuce cikin minti ɗaya, mai gona kuma sai lokacin girbi zai ga layin da hatsi bai yi ba.

Game da ƙofar da za ka bi, kada ka fara da jandarma ko takardar ƙara, domin ko an tilasta an ɗauke kututturen yau, gobe za a mayar da shi da dare, kuma ka yi asarar mutanen da kake sayen gyaɗa a hannunsu. Ka fara da jauron garin, wato mai gari, ka je da ƙafarka ka yi gaisuwa yadda ta dace, ka tafi da wasu masu motocin da ke bin hanyar, in da hali da wani dattijo a cikinsu. Ku saurari kukan masu gonakin da aka taka kafin ku faɗi buƙatarku. In maganar ta fi ƙarfin jauro, shi zai kai ku wurin lawan, daga nan fadar lamido. Gyaran hanyoyin karkara yana cikin ayyukan ofishin magajin gari, amma a ganina wannan mataki ne na biyu, bayan kun daidaita da mutanen wurin, domin koken da jauro da manoma da direbobi suka kai tare ya fi nauyi.

Direban Layin Poli ya amsa:

Ina girmama Baba da Hajiya, amma akwai abin da ba a faɗa ba. Cewa direba ya bi tsakiyar taɓo yana da sauƙi a baki. Ni ina ɗaukar fasinja tsakanin Garwa da Poli da ƙauyukan Faro, kuma in na kafe a tsakiya da mata da yara da yamma, babu mai zuwa ya jawo ni sai gari ya waye. Sannan ba ƙananan motocinmu ne ke haƙa ramukan da muke gudu ba. Manyan motocin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, da masu ɗibar yashin gini da ke shiga har cikin mayo suna sare gaɓa domin su sami mashiga, su ne ke fara ɓata wuri, mu kuma a rufe mana hanya tare da su. Ina ganin duk yarjejeniyar da ba ta haɗa da su ba, ba za ta kai ƙarshen damina ba.

Tsohon Jagoran Gandun Daji ya amsa:

Ƙanena na layin Poli, maganarka a kan manyan motoci da masu yashi gaskiya ce, kuma dole a kira su zaman. Inda na saɓa maka shi ne batun tsakiya. A mafi yawan wurare tsohon sawu ya fi gefe tauri a ƙarƙashin ruwan, saboda shekaru ana danne shi, gefen da ke da ciyawa kuwa shi ne ke haɗiye mota har ciki. Sanda ce ke raba gardama: ka sauka ka soka. In ka tarar tsakiyar ta zurma da gaske, to a nemi mai gonar a yarda da kauce guda ɗaya, a kafa masa alama, kowa ya bi shi har a cike ramin, sannan a rufe shi da rassa domin ciyawa ta dawo.

Na yi aikin jagora a gandun Binuwai, wanda aka keɓe tun 1932 kuma ya zama gandun ƙasa a 1968, shekara ɗaya da Waza da Buba Njida, Faro kuma ya biyo baya a 1980. A can doka ce: ba a sauka daga hanyar da aka shata, ba a shiga ba jagora, da damina kuma hanyoyin ciki kusan ba sa biyuwa, sai an gyara su bayan ruwa ya ɗauke. Dalilin bai bambanta da na ƙauye ba. Da rani ruwa kan rage a 'yan guraben da ke cikin kogi, nan dorina ke kwana, nan ɓauna da gwanki ke sha, motar da ta gangara wurin tana korar su tana kuma rusa mashayarsu. Zan ƙara gargaɗi ɗaya da ba a ambata ba: daga Nuwamba ciyawa ta bushe, salansa mai zafi in ta tsaya a kan doguwar ciyawa tana iya tayar da gobara, wadda ba za ta tsaya a bakin gandu ko gonar auduga ba.

Malam mai tambaya, idan kun zauna da jauro ku je da tayin aikin da ido zai gani. Ku roƙi a bar mashigi ɗaya, a kafa duwatsu ko turaku masu farin fenti a gefensa biyu domin baƙon direba ma ya gane shi. Ku masu motoci ku kawo tsakuwa da duwatsu a shimfiɗa a gangaren shiga da na fita, a yanka ƙananan magudanai a karkace a saman gangaren domin ruwan hanya ya kauce cikin ciyawa kafin ya kai gaɓa, a dasa jema a wuraren da suka zaftare tun ƙasa na da danshi. Sauran sawayen a toshe su da ƙayar da aka toshe hanya da ita. Ku amince cewa in an yi ruwa mai yawa gari na da ikon tsayar da motoci masu kaya har ƙasa ta tsane, kuma duk wanda ya taka gona zai biya mai ita a gaban jauro. Kowace mota ta riƙa tafiya da shebur da katako biyu masu kauri da igiyar ja mai faɗi, domin wanda ba shi da su ne ke sare rassan bakin mayo ya cusa ƙarƙashin taya, ko ya ɗaura sarƙa a jikin maɗaci ta kware masa ɓawo. Wanda ya haƙa rami don ya fid da motarsa, ya cike shi kafin ya tafi.

Ɗan Kasuwar Pitowa ya sake rubutawa:

Na gode, iyayena, Allah ya ƙara girma. Na yi magana da wasu 'yan kasuwa masu bin hanyar da kuma mai wata babbar motar da ke kwasar masara, sun yarda mu je wurin jauro tare bayan kasuwar Pitowa ta Lahadi mai zuwa. Masu yashi ne ban san yadda zan same su ba tukuna, amma zan tambayi shugaban tasharsu a Garwa. Bakanike, zan sa a duba yoyon motar kafin tafiyar. Hajiya, in akwai wanda kika sani yana da jema da za a iya cirowa da saiwa a ɓangaren Bibemi, ki taimaka ki sanar da ni, domin ina so mu dasa kafin ruwan Agusta ya yi ƙarfi.